Hutun iyali da ƙaramar mota a Jihar Neja: A yini a daji, a kwana a gari

Da zarar watan Disamba ya kama, makarantu suka rufe, sai hirar ma'aikata a ofisoshin Abuja ta koma kan inda za a kai iyali hutu. Mafi yawa gida suke nufa, wajen dangi. Amma akwai wasu, musamman matasan magidanta, da suka gaji da cunkoson Nyanya da Kubwa, suka gaji da ƙarar janareta, suke marmarin wurin da yara za su ga kogi da dutse da taurari da idanunsu. Hotunan da suke gani a Facebook da TikTok na iyalai a Ostireliya ko Afirka ta Kudu, an kafa tanti a bakin ruwa an hura wuta, suna ƙara musu wannan sha'awa.

Tambayar da kan biyo baya ita ce ta mota. Galibin ma'aikata Corolla ko Camry ko Accord suke hawa, ba su da jif mai ja da ƙafa huɗu irin ta manya. Shin irin wannan mota za ta iya kai iyali wuri mai natsuwa a daji, ta dawo da su lafiya?

Jihar Neja ce ta fi kusa da amsa. Daga Zuba kawai ake shigarta, kuma ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, da murabba'in kilomita sama da 76,000 da ƙananan hukumomi 25. Tana da koguna da duwatsu da madatsun ruwa da tsofaffin garuruwa. Amsar a taƙaice ita ce ƙaramar mota ta isa, muddin iyali sun yarda da sharaɗi guda: su yini a daji, su kwana a gari. A halin da jihar take ciki yau, iyakar inda ƙaramar mota za ta iya kaiwa ta yi kusan daidai da iyakar inda ya kamata mai iyali ya tsaya.

Darasin fatake

Kwanan hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken goro da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ta ƙasashen Nufe da Bargu suke ratsawa, wato yankin da akasarinsa yake cikin Jihar Neja a yanzu, kuma sukan shafe watanni kafin su dawo. Ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba wanda aikinsa sanin hanya da yin gaba domin gano halin da take ciki. Da asuba suke ɗaura kaya, su sauke tun rana ba ta faɗi ba. Mafi muhimmanci, wurin saukarsu sananne ne: zango, a gefen gari, da sanin sarkin garin, kusa da ruwa da kasuwa. Sunaye irin su Zangon Kataf da Zangon Daura, da unguwannin Zango da ke Kumasi da sauran biranen Ghana, duk gadon wannan tsari ne.

Ko a ƙasashen da kwanan daji ya zama sana'a, tsarin bai yi nisa da wannan ba. Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1926, manyan hanyoyinsa na kwalta ne, kuma ƙananan motoci suna zagaya shi ba tare da wahala ba. Sai dai masaukansa kewaye suke da shinge, ana rufe ƙofofinsu da faɗuwar rana, wanda ya makara kuma tara ce ke jiransa. Natsuwar da ake gani a hotuna tana da masu gadi a bayanta. Inda babu irin wannan tanadi, gari ne ke zama shingen matafiyi, kuma a wannan tafiya Minna ce zangon da ya fi dacewa.

Abin da motar za ta iya

Bambanci na farko tsakanin ƙaramar mota da jif shi ne tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Ta Corolla da Camry ba ta wuce santimita 14 zuwa 15 ba, kuma takan ragu idan aka cika mota da mutum biyar da kaya. Ta Prado da Hilux ta haura santimita 21. A kan kwalta wannan bambanci ba ya nuna kansa. A hanyar burji da manyan motoci suka ƙwaƙule, suka bar tudu a tsakiya, shi ne ke sa cikin mota ya daki dutse, tukunyar baƙin mai ta fashe ko salansa ta cire.

Na biyu shi ne taɓo da rairayi. Motar da ke ja da ƙafa biyu, idan ɗaya ta faɗa laka ta fara juyawa a banza, sai dai a nemi masu turi. Na uku kuwa, wanda ya fi haɗari, ruwa ne. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita, rabin haka kuma yana iya kayar da babban mutum. Duk inda ruwa ya haye kwalbati ko ya shafe hanya, komawa baya shi ne hankali, ko da wata mota ta wuce a gaba.

Wannan ne ya sa lokacin tafiya ya fi irin mota muhimmanci. Damina a Minna takan fara daga Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa a ranar 29 ga Mayu, 2025, ta hallaka mutum fiye da 150, ta nuna irin saurin da ruwa ke tashi a wannan yanki tun damina ba ta yi nisa ba. Maris da Afrilu kuma watannin zafi ne mai tsanani, wanda ke wahalar da yara da tayoyi baki ɗaya. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu hanyoyin burji sun bushe, iska ta yi sanyi, koguna sun lafa. Nan ne lokacin mai ƙaramar mota.

Daga Zuma zuwa Gurara

Tafiyar Abuja zuwa Minna kimanin kilomita 150 ce, ta Zuba, Madalla, Suleja, Dikko, Lambata, Paiko da Chanchaga. Tun a Madalla ake cin karo da Dutsen Zuma, wanda mutane da yawa ke ɗauka a Abuja yake, alhali cikin Jihar Neja yake. Ya ɗaga kimanin mita 300 bisa ƙasar da ke kewaye da shi, kuma hotonsa ne a takardar naira 100. A bakin babban titi yake, ba ya buƙatar wata mota ta musamman. Ya dace da tsayawar safe, a ci abin kari, a nuna wa yara siffar fuskar mutum da ake gani a jikinsa.

Suleja kanta tana da abin nuna wa yaro. Ita ce Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, kafin ta bar wa sabon babban birni sunanta ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A nan ne Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga a 1954 ta yi suna a duniya.

Daga Dikko zuwa Lambata hanya ce ta tankoki da tireloli, aikin mayar da ita tagwaye kuma ya shafe shekara fiye da goma yana jan ƙafa. A mahaɗar Dikko ne tankar mai ta kife ta kama da wuta a ranar 18 ga Janairu, 2025, mutum sama da 80 suka rasu, galibinsu waɗanda suka taru kwasar man da ya zube. Mai iyali da ya tarar da tanka a kwance, ya yi nisa da ita tun kafin ya tambayi abin da ya faru.

Matsirgar ruwa ta Gurara ita ce kan gaba a wuraren da ƙaramar mota ke iya kaiwa. Ana ratsewa daga babban titi a kusa da ƙauyen Bonu, a yi 'yar gajeriyar tafiya zuwa ƙofar shiga. Ruwan yana zubowa daga tsayin kimanin mita 30, faɗinsa kuma kan kai mita 200 idan kogi ya cika. A damina kallo ne daga nesa kawai, domin duwatsu suna da santsi, ruwan kuma ba ya sassauci. An sha yin asarar rayuka a wurin. Daga Janairu zuwa Maris ruwan yakan ragu, duwatsu da rairayi su fito, a sami inuwar shimfiɗa tabarma. Ko a lokacin, ba a barin yaro ya shiga ruwa sai inda masu kula da wurin suka nuna, babba kuma yana tsaye a kansa.

Mai neman natsuwa ya lura da rana. A ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan Sallah, Gurara cike take da jama'a da kiɗa. Ranar Talata ko Laraba da hantsi kuwa, iyali na iya samun wurin kusan su kaɗai, ban da masu gadi da ƙarar ruwa. Ma'aikacin da ya ware kwana biyu ko uku daga hutunsa na shekara ya sa su a tsakiyar mako, ya sami abin da mai jif ba zai samu ba ranar biki.

Minna da kewayenta

Minna ta zama babban birnin jiha tun da aka ƙirƙiro Neja a Fabrairun 1976. Tana da masaukan baƙi na kowane aljihu, da asibitoci, da makanikai da masu sayar da kayan gyaran ƙananan motoci. Waɗannan ne suka sa ta zama wurin kwana: idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, ko mota ta ƙi tashi da safe, taimako yana kusa.

Garin yana zaune ne a tsakanin tsaunuka, kuma madatsun ruwan Tagwai da Bosso, waɗanda ke shayar da shi, ba su da nisa. Wuraren shiru ne masu iska, amma dukiyar hukumar ruwa ce, sai da izinin masu tsaronsu ake zama. Ruwan madatsa da na tafki, tun da ba ya gudu, shi ne matattarar ƙwayar cutar tsargiya, don haka kallo da shan iska sun wadatar, ban da wanka.

Wanda yake da ƙarin kwana yana iya nufar Bida, kimanin kilomita 85 kudu maso yamma, ta gaban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano. Hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2021, saboda maƙeran tagulla da masu narka gilashi na unguwar Masaga. A Badeggi, kusa da ita, akwai Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da fadamun shinkafa shimfiɗe iya ganin ido. Yaron da ya tashi a gidan bene a Gwarimpa zai ga inda shinkafar tuwonsa take fitowa.

Baro kuwa misali ce ta inda ƙaramar mota ke gazawa. Daga wannan gari na bakin Kogin Neja aka fara shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwanta. Amma hanyar da ta taso daga Agaie ta bi Katcha zuwa Baro ta daɗe tana cikin ayyukan da ba a kammala ba, abin da ya hana tashar kanta aiki yadda aka tsara. Kafin a doshi can, a tambayi direbobin tashar Agaie ko ta Bida a ranar tafiyar.

Inda ba a zuwa

A da, duk mai maganar kwanan daji a Neja gandun dajin Tafkin Kainji yake nufi. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, an kafa shi a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dazukan Bargu da Zugurma, faɗinsa murabba'in kilomita 5,340, da masaukin baƙi a bakin Kogin Oli. Yau labarin ya sauya. A Yunin 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta wallafa rahoton cewa mayaƙa daga yankin Sahel sun ratso ta Jamhuriyar Benin sun sami mafaka a cikinsa. A ranar 21 ga Nuwamba, 2025, aka sace ɗalibai fiye da 200 daga makarantar St. Mary's da ke Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara, maƙwabciyar Bargu.

Arewa da gabashin Minna ma haka abin yake. A Kagara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi, an kwashe mutum 42 daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a ranar 17 ga Fabrairu, 2021. A ƙarshen Mayun shekarar aka sace yara fiye da 130 daga wata Islamiyya a Tegina. A Afrilun 2021 gwamnan wancan lokaci, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure, tafiyar sa'a biyu daga Abuja. Tafkin madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, yana da kyawun gani, amma dazukan Shiroro da Munya da Rafi da Mariga ba wurin kai yara ba ne, ko da wace irin mota.

Zungeru tana tsakiya. Ita ce hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 zuwa 1916, a can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, kufan gine-ginen zamanin Lugga suna nan, ga kuma sabuwar madatsa mai megawat 700. Tafiyar kimanin kilomita 60 ce daga Minna. Sai dai a Agustan 2023 an yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina, aka kashe da dama daga cikinsu. Wanda zai je, ya je da hantsi bayan ya tabbatar da halin da ake ciki, kada ya zarce garin, ya dawo kafin la'asar.

Duk wanda ya dubi waɗannan wurare a taswira zai ga abu ɗaya: haɗari yana ƙaruwa ne daidai inda kwalta ta ƙare, layin waya ya ɗauke, ƙauyuka suka yi nisa da juna. Jif tana iya kai mutum can cikin daji, ta kai shi inda babu mai jin kiransa. Wannan magana ta fi shafar hadiman manya, waɗanda kan sami aron Hilux ko Prado ta ofis. Irin wannan mota mai baƙin gilashi ko lambar gwamnati, a ƙauyen da kowa ya san motar kowa, shela take yi cewa wani mai daraja ya iso. Tsohuwar Corolla ba ta tayar da kan kowa.

Yadda ake tambayar hanya

Taswirar wayar hannu tana nuna layi, ba ta nuna gadar da ta karye ko ƙauyen da ya watse. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya. Direbobin haya na tashoshin Minna da Suleja da Bida suna bin hanyoyin nan kullum, kuma yawancinsu ƙananan motoci suke tuƙawa. Idan motar haya irin Golf ko Sharon tana zuwa wuri ta dawo a yini, ta iyali ma za ta je. Idan aka ce sai babur, magana ta ƙare. Bayan direbobi sai ofishin 'yan sanda na yankin, da abokan aiki 'yan asalin wurin, waɗanda kusan babu ma'aikatar tarayya da ta rasa su. Labarin makon jiya ya tsufa; na safiyar ranar ake nema.

Idan wurin da za a zauna yana kusa da ƙauye, a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi ko su wane ne da lokacin da za a tashi. Baƙin da aka gani a gindin bishiya ba tare da sanin kowa ba, a wannan zamani, suna iya jawo zargin 'yan banga. Gaisuwar minti goma takan samar wa iyali jagora, da inuwa mai kyau, wani lokaci har da ƙwaryar gyaɗa ko doya.

Guzuri da ƙa'idar lokaci

Kafin a tashi, makanike ya duba birki da ruwan lagireto da tayoyi, har da safaya da jak. A cika tanki a Suleja ko Minna. A ɗauki ruwan sha da ya wuce buƙata, da tabarma, da tocila, da abin cajin waya, da akwatin taimakon gaggawa. Yara su sa takalmi rufaffe, domin ciyawar rani da ƙarƙashin duwatsu mazaunin kububuwa da kunama ne. Idan maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana shi yawan motsi a garzaya asibiti. Wutar girki a hunturu sai a fili mai rairayi, a kashe ta da ruwa kafin a tashi, domin tartsatsi ɗaya yana iya cinye amfanin gonar da manomi bai kwashe ba. Ledoji da robobin da aka zo da su, a koma da su.

A sanar da wani ɗan'uwa hanyar da za a bi da lokacin dawowa, a kuma jinkirta sa hotuna a intanet har sai an bar wurin. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.

A watannin hunturu rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Iyali su naɗe tabarma da la'asar, misalin ƙarfe huɗu, domin ko taya ta yi faci a hanya a sami hasken canza ta, magariba kuma ta riske su a cikin gari. Idan yara sun nace sai sun kwana a tanti, akwai masaukai masu fili da shinge da mai gadi da za a iya roƙa su bari a kafa shi a harabarsu. Hazo bai cika rufe sama ba a farkon hunturu, taurarin da ake gani daga gefen Minna kuwa sun fi na Abuja yawa da haske, ga gidan sauro, ga asibiti a kusa.